Kalmar Sirrin Inna Adama

A cikin ledar burodi aka kawo mini ita, an ɗaure bakin ledar da zare. Ƙaramar waya ce mai shafawa, irin wadda yara ke saya wa iyayensu mata, bayanta duk ya koɗe saboda ƙulli a gefen zani. Tun kafin in kwance ledar hancina ya ba ni labari: ta sha ruwa, sannan wani mai son taimako ya jona ta a caji. Mai wayar, Inna Adama daga Durun, ta zauna a bencina ta ja mayafi har goshi, 'yarta Safiya na tsaye a gefenta. Ita wayar ba ta dame su ba. Abin da ya taso su shi ne muryar da ke ciki, ta Abubakar, ɗan farin Inna Adama, direban babbar mota da Allah Ya yi wa rasuwa a hanyar Kudu. Saƙonnin muryar da ya riƙa aiko mata kowace safiya su ne abin da ya rage mata nasa, ga su kuma a cikin leda suna ƙaurin ƙonanniyar roba. Zan dawo kan wannan aiki, amma sai na fara gaya muku dalilin da ya sa aka wuce shaguna da yawa aka kawo shi wurin tsoho.

Da ku nake, samarin da ke leƙowa shagona a nan Kabo kuna cewa, "Baba Ɗanlami, a koya mana gyaran waya kafin Sallah." Kun kalli bidiyo a intanet, kun ga mutum ya ɗaga fasasshen sikirin ya ɗora sabo, kun ce ashe wannan ne abin da tsohon nan yake ta sunkuyo a kai. Canjin sikirin kam zan koya muku kafin shayinku ya huce. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin abin da ba a gogewa da abin da ba a tambaya. Wannan babu shi a bidiyo. Ni ma a Gwarzo na koyo shi, tun waya ba ta zo ƙasar nan ba.

Wata rediyo mai kaset ce, ta wani mahauci, aikin farko da maigidana Malam Sule mai rediyo ya bari na sa wa hannu. Kafin nan na daɗe ina shara da hura gawayi, domin a lokacin idan babu wuta a kan garwashi muke ɗora ƙarfen narka dalma ya yi zafi. Mahaucin ya ajiye rediyonsa ya tafi, ya manta da kaset a ciki. Malam Sule ya zare kaset ɗin, ya naɗe shi a takarda, ya ce in bi mutumin da shi har mahauta. Na ce, "Malam, to da me za mu gwada idan mun gama?" Ya jawo aljihun tebur ya nuna mini nasa kaset na karatu, wanda da shi yake gwada rediyon kowa. A zamanin nan wanda bai iya rubutu ba a kaset yake ɗaukar saƙo ya aika wa ɗan'uwansa a Makka ko a Kurmi, kuma mace na iya zuba duk abin da ke damunta a ciki.

"Rediyo aka kawo maka gyara, Ɗanlami," in ji shi. "Maganar cikin gidan mutane ba ta lalace ba, balle ka ce za ka duba ta."

Na hau keke na kai wa mahauci kaset ɗinsa, har ya ba ni tukuicin ɗan balangu.

Da waya ta shigo sai rediyo ta fara ja da baya, ni kuma na bi kasuwa. Na dawo Kabo na kafa lema da tebur ana buga waya, daga nan na sayi ƙaramin inji na shiga caji, ina liƙa wa kowace waya lamba da salatif in ba mai ita irinta. Na yi turi, wato zuba wa'azi da waƙoƙi a memori daga kwamfuta, har na ƙoshi. Gyaran waya kuwa ban je makarantar kowa ba. Matattun wayoyi na riƙa saya ina farkewa, kuma wanda ya san hanyar wuta a cikin rediyo ba zai ɓata a cikin waya ba, sai dai idonsa ya wahala. Har yau mutanen Gwarzo Ɗanlami mai rediyo suke ce mini, ban kuma hana su ba.

Kayan aikina ga su nan kuna gani, ba su cika tebur ba. Mita, abin auna wuta, ita ce ke magana kafin ni in yi. Duk wayar da aka ce ta mutu, sai na auna batir da bakin caji kafin in ɗaga komai, domin sau da yawa gawar da aka kawo barci kawai take yi. Ga bulowa mai hura iska mai zafi, wadda ke raba gwani da mai ɓarna, don idan ka daɗe da ita a wuri guda ka dafa injin wayar. Ga ƙarfen dalma mai siririn baki, da hantsaki, da tsohon buroshin haƙori da kwalbar sifirit na wanke tsatsa, sai gilashin ƙara girma da na fara ratayawa tun da idanu suka soma neman hutu. Wannan farantin tangaran kuma na zuba ƙananan noti ne, saboda notin waya idan ya faɗi a ƙasan shagon nan sai dai a yi masa addu'a. Kwamfutata ba ta karɓar memorin kowa sai na bincike shi tukuna. Lokacin turi na ga yadda memori ɗaya mai bairos ya bi wayoyin unguwa guda yana ɓoye musu hotuna.

Wani Alhaji mai sayen hatsi daga Lakwaya ya taɓa miƙo mini wayarsa a kan sauti ba ya fita. Ya ce bari ya buɗe mini, na ce ya dakata. Na karkata sikirin wajen hasken ƙofa, sai ga zanen da yake buɗe wayar da shi ɓaro-ɓaro, maiƙon yatsansa ya shata shi kamar hanyar shanu. Ban buɗe ba, na dai zana masa shi a iska. Ya yi salati ya ce, "Malam Ɗanlami, ko dai kana taɓa duba ne?" Na ce, "Alhaji, duba ɗaya na yi, na ga ka ci tsire ba ka goge hannu ba." Muka yi dariya, sannan na tambaye shi ko lambar sirrinsa ta banki shekarar haihuwarsa ce. Dariyar ta tsaya. A ranar ya bar zane ya koma lambobi, ya canja ta bankin, muka kuma sa wa sim ɗinsa nasa kullen. Ɓarawon waya na yanzu layin ya fi so, ya zare shi ya sa a tasa wayar ya riƙa karɓar saƙonnin bankinka. Kulle sim bai kai alwala ɗaukar lokaci ba, amma da wuya ka samu wanda ya yi. Sai dai wanda ya kulle ya riƙe lambar da kyau, don sim ba ya haƙuri da canki-canki.

Lokacin da Alhaji yake danna sababbin lambobinsa, na juya masa baya ina kallon titi. Wannan ita ce al'adar shagon nan, kuma duk wanda zai zauna a ƙarƙashina da ita zai fara. Mai waya shi zai zaɓi kalmar sirrinsa, shi zai danna. Idan bai iya boko ba, ya zo da wanda ya yarda da shi daga gida. Nawa aikin in gaya masa kada ta zama lambar wayarsa, ko sunan garinsu, ko ɗaya-biyu-uku-huɗu. Ta yi ɗan tsawo, ya haɗa abubuwan da shi kaɗai ya san sun haɗu. Abin da ke ba ni haushi da wasu masu sayar da waya shi ne, mutum ya sayi sabuwa, a buɗe masa imel cikin gaggawa, a sa abin da aka ga dama, ya tafi bai ma san yana da imel ba. Ran da wayar ta rikice, wani ya yi mata filashin, wato ya goge komai ya mayar da ita kamar sabuwa, sai ta tashi tana tambayar imel ɗin nan. A nan za ka ga babban mutum riƙe da wayarsa ta halak tana yi masa kallon ɓarawo. Filashin kuka fi so saboda yana da sauri. Ni ba na yinsa sai na tambayi mai waya, na sake tambaya, me ke ciki, kuma ina kwafinsa yake.

Wani dillalin shanu ya koya wa kasuwa guda wannan darasi. Lambobin abokan cinikinsa na shekara da shekaru, daga nan har Kudu, duk a jikin wayar suke, aka yi masa filashin a wata tasha ba a tambaye shi ba. Ya zo nan yana huci, na ce wanda ya tafi ya tafi, amma daga yau duk lambar da zai adana ya adana ta a imel, ko wace waya ya saya za ta biyo shi. Na nuna masa yadda zai ɗauki hoton katin shaidarsa da takardun gonarsa da kyamara ya ajiye su can, da yadda zai yi magana wayar ta nemo masa suna ba sai ya kira jikansa ba. Kuma ran da zai sayar da tsohuwar waya, ya cire memori, ya fitar da imel ɗinsa, sannan a goge. Yawancin abin da mutane ke hawa mota su je nema a Gwarzo yana cikin aljihunsu, nuna musu ne ba a yi ba.

Shi kuwa Abubakar na Inna Adama, ya taɓa zuwa nan wata ranar kasuwa da sabuwar waya a kwali, mahaifiyarsa na biye da shi nesa-nesa kamar ba tare suke ba. Na san gidansu. Fulani ne da suka daɗe da zama a Durun, suna noma suna kiwo, Fulatancin ya tafi amma kunyar tana nan daram. Inna Adama ba ta taɓa faɗin sunansa ba tun da ta haife shi. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan", ga shi kuwa ƙato da gemu, yana jan motar shanu. Ko wani mai irin sunansa ne ya shigo zance, sai ta kewaye ta ce "mai sunan yaron nan".

"Baba Ɗanlami, so nake a shirya wa Inna wayar nan yadda zan riƙa aiko mata murya, ita ma ta danna ta mayar mini," in ji shi. "Ba ta karatu, amma kunnenta ya fi na kowa."

Na sa mata manhajar hira, na jawo hotonsa fuskar wayar yadda da ta buɗe shi za ta fara gani. Ta kawar da kai ta ce a cire, sai muka sa hoton motarsa. Na kunna ajiya, wadda ke tura kwafin saƙonni can cikin imel ɗin mutum a intanet duk lokacin da akwai data, saboda ko waya ta ɓata ko ta mutu a same su. Da aka zo kan kalmar sirrin imel na ce to bismillah, na juya baya. Na ji yana yi mata raɗa, na ji ta ce, "Kai, ka ji tsoron Allah," shi kuma yana ta ƙyaƙyata dariya.

"Baba, na gama," ya ce. "Na sa wadda ko wuƙa aka ɗora wa Inna ba za ta faɗa wa kowa ba. Sunana ne a ciki."

Na ce suna kaɗai bai isa ba, duk Durun an san sunansa. Ya ce in kwantar da hankalina, ba wanda aka sani ba ne, kuma ya haɗa shi da wani abu. Lambar agaji kuwa, wadda ake tura wa saƙo idan an manta kalmar, ya sa tasa, tunda shi ne mai kula da wayar. Inna Adama ta tashi ta fita waje ta tsaya, ta ce rashin kunyar yaran zamani ta ishe ta.

Shekarar da takardun kuɗi suka yi wuya ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan, alhali aiki har yawa ya yi. Mutanen da ba su taɓa shiga banki ba dole ta sa suka buɗe asusu a waya, tsoho da tsohuwa, mai kayan miya da mai nono, su kuma 'yan damfara suka samu gona babu mai gadi. Salonsu ɗaya ne. Mutum zai kira ka da Hausa tsantsa, ya gaishe ka, ya tambayi iyali da gajiya da ruwa, ya ce daga banki yake ko daga wurin rabon tallafi, an turo maka wasu lambobi yanzu, karanto masa. Mu kuwa an tarbiyyantar da mu a kan wanda ya gaishe ka da kyau ba a yi masa rowar amsa. Da ladabinmu aka yashe mu. To wanda aka cuta, wa zai fara zargi? Wanda ya taɓa riƙe wayarsa. Masu gyara muka zama abin nuni, aka daina shiga shaguna da dama, wasu abokan sana'ata suka tattara suka koma gona. Ni ma na sha kallon banza har a masallaci. Wani da aka cuta ma ya zo da 'yan'uwansa bakin shago yana ɗaga murya. Na bari ya gama, sannan na tambaye shi a gabansu, ranar da ya sa lambarsa ina nake kallo? Ya ce titi. Juya bayan nan da wasu ke yi wa dariya shi ya riƙe mini shago a shekarar.

Tun daga lokacin duk wanda ya karɓi wayarsa a hannuna sai ya haɗa da huɗuba, ko yana so ko ba ya so. Lambobin da aka turo maka ta saƙo naka ne kai kaɗai, babu bankin da zai kira ya tambaye ka su, kuma katse wa ɗan damfara waya ba rashin tarbiyya ba ne. Abin da aka jefo a guruf ana cewa danna nan ka samu data kyauta, bar shi ya wuce ko da limaminku ne ya turo, don shi ma turo masa aka yi. Manhaja a ɗauko ta daga shagon manhajoji na cikin wayar, a daina karɓarta hannu da hannu daga wayar aboki. Idan manhajar tocila ta nemi izinin ganin lambobin mutanenka, ka tambayi kanka me tocila za ta yi da lambar surukarka. Idan waya ta ce tana son sabuntawa a ba ta data ta yi, ɓarakar da aka gano ake toshewa. Manhajar hira kuma tana da kulle na biyu, a kunna shi, saboda ko an yaudare ka ka karanta lambobin, ɓarawo zai tarar da wata ƙofar a rufe.

A cikin wannan hargitsi aka kira Inna Adama ita ma. Abubakar ne ya ba ni labarin, yana dariya har da riƙe ciki. Mutumin ya gaishe ta gaisuwa mai kyau, ya ce an sa sunanta a tallafin mata, abin da ya rage kawai ta faɗi kalmar sirrin imel ɗinta. Inna ta yarda da shi ɗari bisa ɗari, tallafin ma tana so. Sai dai ta ce masa, "Ɗan nan, ka yi haƙuri, abin ba ya faɗuwa." Ya lallaɓa, ya yi rantsuwa, ya ce to za a ba wata. Ta ce, "A ba ta, Allah Ya sa rabonta ne."

"Ka gani ko, Baba?" in ji Abubakar. "Duk na'urorinka ba su kai kunyar Inna tsaro ba."

Na ce na sallama. Wannan ita ce haɗuwarmu ta ƙarshe da shi.

To, ga ni da waya a leda. Bayan mun gaisa na sake yi musu ta'aziyya, Safiya, wadda ke koyarwa a firamaren garinsu, ta ba ni labari. Tun bayan rasuwar, Inna ba ta karyawa sai ta saurari saƙo ɗaya, kowace safiya, kamar yanzu ya aiko. Ran nan tana jan ruwa ƙullin zani ya kwance, wayar ta faɗa bokiti. Da an tsamo ta an kashe an kawo mini a jiƙe, da wanki da sifirit kawai za ta sha. Amma maƙwabta suka shanya ta a rana, da ta ƙi kamawa suka ce batir ne ya sauka, aka jona ta a sola. Ruwa da wuta suka haɗu a ciki.

Na buɗe ta a gabansu. Na wanke, na busar, na bi layukan wuta da mita ɗaya bayan ɗaya, na ɗaga abin da ya ƙone na maye gurbinsa, na sake aunawa. Wutar ta riga ta kai ga ƙwaƙwalwar da ke riƙe da kayan cikin wayar, ita kuwa idan ta ƙone ko a birni babu mai tashinta. Ban ɓoye musu ba. Na ce wayar ta mutu, amma ina kyautata zaton muryoyin suna nan, domin da hannuna na kunna ajiya, kuma marigayi bai taɓa barin layinta babu data ba. Sim ɗinta bai lalace ba. Safiya ta fito da wata waya da ta saya mata, muka sa sim. Saura abu ɗaya, a shiga imel.

"Baba, mun gwada a gida," in ji Safiya. "Na sa Abubakar, na sa Habu, na sa Garba, har da lambar motarsa. Ƙarshe ma cewa ya yi kuskure ya yi yawa, a dakata."

Na ce kada a ƙara canka, idan aka matsa zai ɗauka ɓarawo ne ya ƙara tsananta. Na bi ta hanyar wanda ya manta, sai ya ce zai tura lambobi zuwa layin Abubakar. Layin nan ya tafi tare da wayarsa a wurin haɗarin, ya daɗe a rufe har kamfani ya ba wani. Muka kira, wani mutum ya ɗauka, da ya ji ana maganar ya karanto lambobi sai ya katse. Ban ga laifinsa ba, da abokin cinikina ne abin da zan ce ya yi ke nan. Shi ya sa nake cewa lambar agaji ta zama mai rai. Idan mai ita ya rasu ko ya canja layi, a sauya ta tun imel yana buɗe.

Na juya wurin Inna Adama. "Inna, kin tuna abin da ya raɗa miki ranar nan?"

"Na tuna, Malam."

"To ba sai kin faɗa ba. Safiya za ta riƙa jero sunaye, in ta zo kansa ki gyaɗa kai kawai."

Safiya ta jero duk abin da ake kiran mai suna Abubakar, da sunan da direbobi 'yan'uwansa ke kiransa, da wanda ake tsokanarsa da shi yana yaro. Inna na girgiza kai. Da sunaye suka ƙare, ta yi magana tana kallon ƙasa. Ta ce ba ya cikin waɗannan. Mahaifiyarta ce ta sa masa shi yana jariri, tun suna ruga, ba a ma haifi Safiya ba, kuma tsohuwar ita kaɗai ke kiransa da shi har ta rasu. A kalmar sirrin, yaron nan ya haɗa shi da sunan karsanar da kakar ta ba shi. Mahaifinsa da ya sani shi ma ya rasu. Safiya ta ce to ta kwatanta mana, Inna ta ce ba sunan wani abu ba ne balle a kwatanta. A duniya yanzu babu wanda ya san shi sai ita.

Na ga Safiya ta buɗe baki za ta roƙe ta, na yi mata alama ta bari. Na tausaya wa matar nan, domin na san abin da ake nema a wurinta. Abin da ta riƙe tun haihuwar fari, wanda uwarta da kakarta suka riƙe kafin ita, shi ake so ta saki a shagon mai gyaran waya, a bakin titi.

Na ce, "Inna, babu gaggawa. Ajiyar ba za ta gudu yau ba. Ki koma gida ki yi shawara da zuciyarki, duk ran da kika shirya shagon nan a buɗe yake."

Inna ba ta tashi ba. Can ta ce, "Yana raye kullum sai ya tsokane ni in kira shi ko sau ɗaya. Na ce masa zai daɗe bai ji ba." Ta gyara mayafinta. "Malam, juya bayanka."

Na miƙa wa Safiya wayar, na nuna mata inda za ta rubuta, na fita bakin ƙofa na fuskanci titi kamar yadda na saba. Wani mai babur ya tsaya zai miƙo mini waya, na ɗaga masa hannu ya jira. A bayana na ji muryar Inna ƙasa-ƙasa, gajeriyar magana, sau ɗaya. Ban ji abin da ta ce ba, ban kuma so in ji ba. Sai Safiya ta ce, "Baba, ya buɗe."

Na dawo na sa manhajar hira. Lambobin shiga suka zo layin Inna, Safiya ta danna su, wayar ta ce ta ga ajiya, a dawo da ita? Na ce a dawo. Sabis ba shi da ƙarfi ranar, muka zauna muna kallon abin yana cika a hankali. Kafin ya gama na sa Safiya ta mayar da lambar agaji tata, na kuma ce a kwafe muryoyin a memori a ajiye a akwati, kada a sake barinsu wuri ɗaya. Na tambayi Inna ko za a canja kalmar sirrin zuwa wadda ta fi sauƙin faɗa. Ta ce a bar ta yadda ya sa.

Da ya gama, hoton motar nan ya fito a sama. Inna ta karɓi wayar da hannu biyu, ba ta nemi kowa ya nuna mata ba, yatsanta ya san hanya. Ta danna saƙon ƙarshe. Ƙarar inji ce ta fara fitowa, sannan muryarsa ta cika shagon.

"Salamu alaikum Inna, kin tashi lafiya? Ya gida, ya shanu? Mun kama hanya, in Allah Ya yarda jibi ina nan. Ni ne dai, wanda ba kya faɗin sunansa."

Inna Adama ta kara wayar a kunne, duk da kowa na ji.

"Lafiya lau," ta ce masa. "Ai na faɗa yau."